Ajin nazare: wasa ne ko karatu? Tambayoyin iyaye da amsoshinsu

Na biya kuɗin makaranta, yaro ya dawo littafinsa fari fat, sai ƙasa a riga. Me aka koya masa?

Wataƙila ƙasar nan ita ce darasin ranar. Yatsun ɗan shekara uku ba su yi ƙwarin sarrafa fensir ba tukuna. Abin da ke ƙarfafa su shi ne murza yumɓu, zura duwatsun wuya a zare, yaga takarda, da zane da yatsa a cikin rairayi. Ko 'yar carafke da 'yan mata ke yi a tsakar gida tana horar da ido da hannu, ga ƙidaya a ciki. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, haruffa masu kaushi take ba yara su shafa da yatsa kafin su fara rubutu. Malamar da ta damƙe hannun yaro ta cika shafi da A hamsin, ita ta yi rubutun, ba shi ba. Sai dai wannan shafin iyaye ke son gani, shi ya sa masu makarantun kuɗi ke matsa wa malamai a kansa.

Amma yana ƙirga har ɗari da Turanci. Wannan ba lissafi ba ne?

Zube masa murafun kwalba bakwai, ka ce ya ba ka huɗu. Idan ya ɗebo cikin hannu ya miƙo maka, to waƙa ya haddace. Ƙidaya ta zauna ne ranar da yaro ya taɓa kowane murfi sau ɗaya, ya kuma gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawansu. Gara biyar da ya gane da ɗarin da yake rerawa.

Da wane harshe ya kamata a koya masa?

Nan ne gardama take. Tun 1977 manufar ilimi ta Najeriya ta ce a fara wa ƙananan yara da harshen uwa ko na yankin da suke. A 2022 aka faɗaɗa ta har ƙarshen firamare, sannan a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da komawa Turanci. Amma akwai gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970: yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin.

Ni dai abin da na gani a aji shi ne, da malama ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yaron da ya wuni shiru yakan matso. Ta tsaya a tsakiya ta tambaye shi, "Me kake jin Gizo zai yi wa Ƙoƙi yanzu?" sai ka ji hasashe da hujja da dariya. Da Turancin da bai sani ba, "yes, aunty" kawai za a samu. A koya masa Turanci da waƙa da sunayen abubuwa, amma kada a ci shi tarar yin Hausa.

Yana juya b da d. Matsala ce?

A'a, yara da yawa suna yin haka har wajen shekara bakwai. Duka ba ya gyara shi, sai ma ya sa yaro tsoron fensir.

Malama ta ce 'yata ba ta magana a aji.

Tana surutu a gida? Idan tana yi, baƙunta ce, musamman a makonnin farko. Malama ta zaunar da ita kusa, ta riƙa aikenta miƙa alli ko raba littattafai. Idan kuwa a gidan ma ta wuce shekara biyu ba ta haɗa kalma biyu kamar "ba ni", ko a kira ta daga baya ba ta waiwayo, ko kunnenta na yawan zubar da ruwa, kada a tsaya kan cewa babanta ma sai da ya yi nauyin baki. A kai ta asibiti a fara auna jinta.