Ben Casey: wasan talabijin na likitan tiyatar ƙwaƙwalwa

Ben Casey wasan kwaikwayo ne mai dogon zango na ƙasar Amurka, wanda tashar ABC ta nuna daga 2 ga Oktoba 1961 zuwa 21 ga Maris 1966. An yi zango 5, fitowa 153, kowace fitowa tana cin awa ɗaya idan an haɗa da tallace-tallace, kuma duk a hoto baƙi da fari aka ɗauke shi. James E. Moser ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Bing Crosby Productions ya ɗauki nauyinsa. Labarin wani matashin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, Dakta Ben Casey, da ke aiki a babban asibitin gwamnati mai suna County General. Vince Edwards ne ya fito a matsayinsa.

Mafarin wasan

Moser ba baƙon harkar asibiti ba ne. Shi ya ƙirƙiro Medic, wanda tashar NBC ta nuna daga 1954 zuwa 1956, wasan da ya yi suna wajen bin ƙa'idar aikin likita sau da ƙafa. Halin Casey kuwa ya ɗauko shi ne daga wani likitan ƙwaƙwalwa na gaske, Allan Max Warner, wanda ya gani yana aiki a birnin Los Anjalas. Wani ƙwararren likitan fannin, Joseph Ransohoff, ya kasance mai ba wasan shawara. A wancan zamani ƙungiyar likitocin Amurka tana da kwamitin da ta kafa a 1955 don duba rubutun irin waɗannan wasanni kafin a ɗauka, ta gyara kuskuren ilimi, ta kuma kare mutuncin sana'ar.

Kwana 4 kafin fitowar Ben Casey, ranar 28 ga Satumba 1961, NBC ta fara nuna Dr. Kildare, inda Richard Chamberlain ya fito a matsayin likita mai fara'a da sanyin hali. Tare suka fara, tare suka ƙare a 1966, kuma masu kallo suka rabu gida biyu. Kildare ɗalibi ne mai ladabi da ke koyon aiki. Casey ya riga ya iya aikin, ya kuma san ya iya, shi ya sa ba ya raga wa kowa.

Buɗewar shiri da 'yan wasa

Abin da mutane suka fi tunawa shi ne buɗewar. Hannu zai bayyana riƙe da alli yana zana alamomi 5 a baƙin allo, muryar dattijo tana kiran sunan kowace: namiji, mace, haihuwa, mutuwa, da abin da ba shi da iyaka. Ana kuma nuna gadon tura majiyyaci yana bankaɗe ƙofofin asibiti. David Raksin ne ya tsara kiɗan.

Muryar ta Sam Jaffe ce, wanda ya fito a matsayin Dakta David Zorba, shugaban sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. An haifi Jaffe a 1891, Edwards kuma a 1928, don haka tazarar uba da ɗa ce ta zahiri a tsakaninsu. Zorba mai furfura ne, gashinsa a tarwatse, ba ya ɗaga murya. Aikinsa a kusan kowace fitowa shi ne ya ja wa Casey burki idan ya zafafa, sannan ya tsaya masa a gaban hukumar asibiti idan shi ke da gaskiya. Bettye Ackerman ta fito a matsayin Dakta Maggie Graham, likitar sa barci a ɗakin tiyata, kuma a waje ita ce matar Jaffe. Harry Landers shi ne Dakta Ted Hoffman, abokin Casey. Jeanne Bates ta fito a nas Wills, Nick Dennis kuma mai hidimar ɗakin majiyyata, Nick Kanavaras.

Casey kansa ba shi da yawan dariya. Farar rigarsa mai gajeren hannu ce, maɓallanta a gefen wuya da kafaɗa, na saman a ɓalle. Yana faɗa wa majiyyaci gaskiya ko da ɗacinta, yana musu da likitocin da suka girme shi, yana fatattakar dangin da suka hana a yi aiki. A tsarin asibiti kuwa likita ne mai neman ƙwarewa, a ƙarƙashin wani yake, kuma daga nan yawancin rigingimun wasan ke tasowa.

Aikin ƙwaƙwalwa kafin na'urar sikanin

Ba a fahimtar zafin wannan wasa sai an san halin da likitan ƙwaƙwalwa ke ciki a 1961. Hoton CT, wato sikanin da ke nuna cikin jiki, na farko da aka ɗauki kan majiyyaci da shi an yi shi ne a Landan a watan Oktoba 1971, shekara 5 bayan an daina wasan, MRI, wata na'urar sikanin, kuma ta zo daga baya. Likita irin Casey ba ya iya ganin cikin ƙoƙon kai kai tsaye. Da ido da hannu yake farawa: ya haska tocila a idon majiyyaci ya ga ko ɗan baƙin tsakiya yana tsukewa, ya leƙa bayan ido don alamar kumburi, ya buga gwiwa da 'yar gudumar roba, ya ja abu a tafin ƙafa ya ga ko babban yatsa zai ɗago sama. Daga waɗannan yake ƙiyasta inda ciwon yake.

Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna karaya, amma ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a cikinsa. Don haka a lokacin akwai dabaru biyu masu wahala. Ta farko Walter Dandy ne ya fito da ita a 1919. Ana zaunar da majiyyaci, a soka allura a ƙasan gadon baya, a zuƙe ruwan laka kaɗan-kaɗan, mililita 5 zuwa 10 a kowane karo, a mayar da iska a madadinsa. Iskar za ta hau ta cika ramukan da ke cikin ƙwaƙwalwa, sai a juya majiyyaci ana ɗaukar hoto. Idan ramin ya karkace gefe guda, akwai ƙari ko gudan jini da ke tura shi. Duka ruwan lakar da ke jikin babban mutum bai wuce kimanin mililita 150 ba, shi ya sa gwajin ke jawo matsanancin ciwon kai da amai na kwanaki. Mafi muni, idan matsi ya riga ya yi yawa a cikin kai, zuƙe ruwa daga ƙasa na iya sa ƙwaƙwalwa ta zamo ƙasa ta danne cibiyar numfashi. Dabara ta biyu, ta likitan Fotugal Egas Moniz a 1927, ita ce a ɗura sinadari mai fitowa a hoto cikin babbar jijiyar wuya, a ɗauki hotuna cikin daƙiƙoƙi kaɗan don ganin ko jijiyoyin jini sun kauce daga hanyarsu. Akwai kuma na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, wadda ta fi amfani ga masu farfaɗiya.

Tunda gwajin kansa na iya illata mutum, tambayar a buɗe ko a jira tana da nauyi na gaske, kuma marubuta sun mori wannan sosai. Misali mafi bayyana shi ne zubar jini tsakanin ƙoƙon kai da tantanin da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa. Mutum zai bugu a gefen kai, saitin kunne, inda ƙashi ba shi da kauri, jijiyar da ke bi ta ƙarƙashinsa ta tsage. Zai iya suma ya farfaɗo, ya yi magana garau na 'yan awanni, dangi su ce ai ya warke. Jini kuwa yana ta taruwa. Sai ciwon kai, sai barci mai nauyi, baƙin idon ɓangaren da aka bugu ya buɗe ya ƙi tsukewa, ɗaya ɓarin jikin ya saki. A nan babu lokacin jira.

Aikin kansa haka yake tafiya a wancan zamani. A aske kai a wanke, a yanka fata a naɗe ta gefe, a huda ƙashi da na'urar huji ta hannu. Idan babban buɗi ake so, a yi huji 4 zuwa 6 a zagaye, a zura siririyar wayar zarto daga wannan rami zuwa wancan ta ƙarƙashin ƙashi, a yanke tsakaninsu, a ɗage ƙashin kamar murfi. A zuƙe gudan jini, a ƙone bakin jijiyar da lantarki ko a matse ta da ɗan maƙalin azurfa, a toshe jinin da ke tsatsowa daga ƙashi da kakin zuma. Abubuwan da ke ɓata aiki sanannu ne: jinin da ya ƙi tsayawa, kumburin da ke sa ƙwaƙwalwa ta bulluƙo ta hana rufewa, shigar ƙwayoyin cuta, da taɓa wurin magana ko motsi. Madubin ƙara girma na tiyata bai yaɗu a fannin ba sai ƙarshen shekarun 1960.

Wasan ya kama wannan fargaba daidai, amma ya rage wasu abubuwa don lokaci. Aikin da ke cin awanni yakan ƙare cikin 'yan mintoci, doguwar jinyar da ke biyo baya ba ta cika samun wuri ba, kuma ana ɗora wa Casey cututtukan da a asibitin gaske wasu sassa ne ke da su. Duk da haka ba kowane majiyyaci ke tashi ba, kuma wannan ya ƙara masa ƙima.

Karɓuwa da raguwa

A zangon farko wasan ya zo na 18 a jerin shirye-shiryen da aka fi kallo a Amurka, a na biyu ya hau na 7. Fitowa mai kashi biyu ta 1963 mai suna "A Cardinal Act of Mercy", kan wata lauya da ta kamu da jarabar ƙwaya, ta samo wa 'yan wasa Kim Stanley da Glenda Farrell lambar yabo ta Emmy. Sydney Pollack ne ya ba da umarninta, tun kafin ya yi suna a finafinan silima.

A 1963 aka ɗauke wasan daga daren Litinin zuwa Laraba, inda ya yi karo da wasannin barkwancin tashar CBS masu farin jini, ya faɗo daga jerin 30 na sama. An mayar da shi Litinin, amma bai koma matsayinsa ba. Masu shiryawa suka shigo da soyayya, inda Stella Stevens ta fito a matsayin Jane Hancock, wadda ta farka daga doguwar suma ta fiye da shekara 10. Jaffe ya bar wasan a 1965, Franchot Tone ya maye gurbinsa a matsayin Dakta Freeland, aka kuma koma labari mai ci gaba daga mako zuwa mako. Rashin Zorba ya bar giɓi, domin zafin Casey ya fi ma'ana idan akwai dattijon da ke auna shi.

Daga cikin Ben Casey aka fitar da Breaking Point, wasan likitocin taɓin hankali, daga 1963 zuwa 1964. Mai zane Neal Adams ya zana labarin Ben Casey a jaridu daga 1962 zuwa 1966. A 1988 Edwards ya dawo a fim ɗin talabijin The Return of Ben Casey, ya rasu a 1996. A Japan, inda tashar TBS ta nuna wasan, yawan masu kallo ya haura kashi 50 cikin 100 a farkon 1963, kuma har yau a can ana kiran gajeriyar farar rigar asibiti mai maɓalli a gefe da sunan Casey.