Mene Ne Facin Yoyon Ruwan Ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suna zaune ne a cikin wani ruwa garai-garai da ke kare su daga buguwa. Jikin babban mutum yana samar da kimanin mililita 500 na ruwan nan a kowace rana, kuma wani tantani mai ƙarfi ne yake riƙe da shi. Idan ƙashin gindin ƙoƙon kai ya tsage har tantanin ya yage, kamar yadda kan faru a haɗarin babur ko bayan tiyatar cire ƙari ta hanci, sai ruwan ya riƙa ɗiga, sau da yawa ta hanci. Abin da ke yaudarar mutane a Kaduna, musamman da hunturu, shi ne ya yi kama da mura. Amma wannan ruwa ba ya da yauƙi, yawanci ta kafar hanci ɗaya yake fitowa, yana da ɗanɗanon gishiri, kuma yana ƙaruwa da zarar mutum ya duƙa alwala ko ruku'u. Ƙofar da ruwa ya bi ya fita, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga su haddasa sanƙarau.

Yawancin yoyon da rauni ya jawo kan toshe da kansa idan aka kwanta aka huta. Wanda ya ƙi tsayawa shi ake yi wa faci. A da, likita kan yanko kitse daga ƙarƙashin fatar ciki ko tantani daga cinya ya liƙa, amma a babban rami irin wannan nama da aka raba da jijiyarsa yakan kasa kamawa. A shekarar 2006 aka wallafa dabarar likitoci biyu na Ajantina, Hadad da Bassagasteguy: ana shiga ta hanci da ƙaramar kyamara, a ɓanɓaro fatar da ke lulluɓe da shamakin tsakiyar hanci ba tare da an yanke jijiyar da ke ba ta jini ba, sannan a juya ta a shimfiɗa a kan ramin. Kamar reshe ne da aka lanƙwasa bai rabu da bishiyarsa ba, don haka yake mannewa da wuri.

Bayan aikin ana hana majinyaci fyace majina, yunƙuri da ɗaukar kaya masu nauyi na wasu makonni. A ganina, duk wanda ya ga irin wannan ɗigo bayan buguwar kai, kada ya tsaya shan maganin mura. Ya nemi likitan hanci a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Shika.