Likitancin Gaggawa

Likitancin gaggawa reshe ne na aikin likita da ke kula da wanda ciwo ko rauni ya afka wa ba zato ba tsammani, a sa'o'in farko, tun kafin a san takamaiman abin da ke damunsa. Sauran rassan likitanci sun raba aiki ne bisa gaɓoɓin jiki ko shekarun majinyaci: wannan likitan ido ne, wancan na zuciya, wani na yara. Shi kuwa wannan reshe lokaci ne ya shata masa iyaka. Duk wanda aka shigo da shi nasa ne, jariri mai jijjiga ko dattijo mai ciwon ƙirji, wanda mota ta buge ko wanda ya sha guba. Tambayar da likitan gaggawa ke fara yi wa kansa ita ce: mene ne zai iya kashe mutumin nan cikin minti goma? Sunan cutar yana iya biyowa baya.

Asali

Yaƙi ne ya haifi yawancin dabarun wannan aiki. Dominique Jean Larrey, likitan tiyata na sojojin Faransa a shekarun 1790 da zamanin Napoleon, shi ne ya ƙirƙiro kekunan doki marasa nauyi da ke shiga filin daga su kwaso masu rauni ana tsakiyar faɗa, maimakon a bar su kwance har ƙura ta lafa. Ya kuma kafa ƙa'idar a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, ko da ƙaramin soja ne, hafsa kuwa ya jira.

A asibitocin farar hula abin ya daɗe bai samu mai shi ba. Har tsakiyar ƙarni na 20 ɗakin karɓar masu hatsari shi ne inda ake tura sabbin likitoci, wato majinyacin da ya fi kowa shiga haɗari yana hannun likitan da ya fi kowa ƙarancin gogewa. A Ingila an naɗa Maurice Ellis babban likita mai kula da irin wannan sashe a Leeds a 1952, aka kafa ƙungiyar likitocin sashen a 1967. A Amurka wani rahoto na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa da ya fito a 1966 ya kira mutuwar hatsari cutar zamani da aka yi watsi da ita. Shekara biyu bayan haka aka kafa kwalejin likitocin gaggawa ta ƙasar, Jami'ar Cincinnati ta buɗe horon ƙwarewa na farko a 1970, sannan a 1979 aka amince da likitancin gaggawa a matsayin fanni mai zaman kansa. Ostareliya ta yi haka a 1993, Afirka ta Kudu a 2003, Indiya a 2009. Tarayyar ƙungiyoyin likitancin gaggawa ta duniya ta kafu a 1991, ta Afirka kuma a 2009 a Cape Town.

A daidai wannan lokaci kayan aiki suka taru. Landan ta fara lambar kiran gaggawa ta 999 a 1937, Amurka ta fara 911 a 1968, Turai ta zaɓi 112 a 1991. A 1960 masu bincike uku a asibitin Johns Hopkins, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka nuna cewa danna ƙirji daga waje yana iya tura jini idan zuciya ta tsaya, ba sai an tsaga ƙirjin ba. Frank Pantridge a Belfast ya sa na'urar farfaɗo da zuciya da lantarki cikin motar asibiti a tsakiyar shekarun 1960, ya kai ta ga majinyaci maimakon a jira a kawo shi.

Yadda ake aikin

Matakin farko tantancewa ne. Nas ce yawanci ke tsaye a bakin ƙofa, cikin minti biyu ko uku ta duba numfashi, bugun jini, zafin jiki da hayyacin mutum, ta sa shi a rukuni. Tsarin Manchester yana da launi biyar, daga ja, wanda ba ya jira ko minti ɗaya, zuwa shuɗi, wanda zai iya zama na sa'o'i. Wannan shi ne tushen yawancin rigimar da ake yi a ɗakin jira ko'ina a duniya: mai karaya a hannu yana kururuwa tun awa biyu, sai ya ga an wuce da wani da ya zo yanzu shiru, yana zufa kawai. Shirun nan ne ya tsorata nas ɗin.

Daga nan sai jerin dubawa da ba a tsallake matakinsa: hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, aikin ƙwaƙwalwa, sannan a tuɓe majinyaci a duba dukan jiki har da baya. Hikimar jerin ita ce toshewar maƙogwaro ta fi zubar jini saurin kisa, zubar jini kuma ta fi karaya. Ƙafar da ta karye ta lanƙwashe tana jan ido, amma likitan da ya koyi aikin zai kau da kai daga gare ta ya fara kallon yadda ƙirji ke tashi. Ga wanda jini ke tsartuwa daga gaɓarsa, yanzu ana fara ɗaure gaɓar tun kafin komai. Yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan ne suka dawo da martabar wannan ɗauri bayan an daɗe ana gudunsa don tsoron rasa ƙafa ko hannu.

Kwas ɗin da ya yaɗa wannan jeri a duniya daga masifa ya fito. A 1976 ƙaramin jirgin saman James Styner, likitan ƙashi, ya faɗi a karkarar Nebraska. Matarsa ta rasu nan take, 'ya'yansa suka ji munanan raunuka, kulawar da suka samu a ƙaramin asibitin da suka fara isa kuma ta gaza ƙwarai. Shi da abokan aikinsa suka tsara horon da aka fara a 1978, wanda ake kira ATLS, kwas na koya wa likitoci ceton ran masu munanan raunuka.

Akwai kuma ma'aunin Glasgow na 1974, aikin Teasdale da Jennett, wanda ke auna hayyaci da maki daga 3 zuwa 15 bisa buɗe ido, magana da motsi. Amfaninsa shi ne likita a wannan asibiti ya faɗi lamba ɗaya ta waya, na wancan asibitin ya gane halin da ake ciki. A 'yan shekarun nan ƙaramar na'urar sikanin ta zama abin da likitan gaggawa ke ɗora wa majinyaci a gefen gado, ya ga ko jini ya taru a ciki ba tare da an tura shi ɗakin hoto ba.

Likita ya je, ko a kawo majinyaci?

Duniya ta rabu biyu kan abin da ya kamata a yi kafin a isa asibiti. A Amurka, Ingila da Ostareliya ma'aikatan motar asibiti ne ke zuwa, su yi abin da ya zama dole, su garzaya. A Faransa da Jamus likita ne ke fita da kansa, sau da yawa likitan sa barci, ya yi aiki mai yawa a wurin kafin a motsa. Tsarin agajin gaggawa na Faransa da ake kira SAMU, wanda Louis Lareng ya assasa a Toulouse a 1968, shi ne sanannen misali. Muhawarar ta fito fili bayan hatsarin Gimbiya Diana a Paris a 1997, lokacin da aka yi ta tambayar tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a kai ta asibiti. A gaskiya amsar ta danganta da ciwon. Wanda zuciyarsa ta tsaya a wurin zai rayu ko ya mutu, domin kowane minti na jinkirin jona masa lantarki yana rage damar tsira da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Wanda aka soka a ciki kuwa ba abin da zai cece shi sai ɗakin tiyata. Shahararriyar maganar nan ta “awa ɗaya mai daraja”, wato cewa dole mai mummunan rauni ya samu kulawa cikin awar farko, wadda ake dangantawa da likita R Adams Cowley na Baltimore, ta fi zama taken zaburarwa. Babu wani abin da ke faruwa daidai a minti na sittin.

Bincike

Gwajin magani a wannan fanni yana da wuya ta wata fuska da sauran ba su da ita. Wanda ya suma ba zai sa hannu a takardar amincewa ba, danginsa ba su iso ba, maganin kuma dole a ba shi yanzu. Saboda haka ƙasashe suka yi dokoki na musamman, kamar wadda Amurka ta kafa a 1996, da ke ba da damar shigar da majinyaci gwaji bisa sharuɗɗa masu tsauri, a nemi amincewa daga baya. Mutane da yawa abin bai kwanta musu ba, kuma suna da hujja. Sai dai tarihin fannin ya nuna abin da ke faruwa idan ba a gwada ba.

An shafe shekaru fiye da talatin ana yi wa masu rauni a kai allurar sitiroyid don rage kumburin ƙwaƙwalwa. Abu ne da hankali ya yarda da shi. Gwajin CRASH, wanda ya ƙunshi mutum kusan 10,000 aka buga sakamakonsa a 2004, ya gano cewa kashi 21 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar sun mutu cikin mako biyu, alhali waɗanda ba a yi wa ba kashi 18 ne. Ashe kashe mutane maganin yake yi. Masu binciken suka koma kan wani tsohon magani mai araha, tiraneksamik asid, wanda mata da miji, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar a Japan a farkon shekarun 1960. Gwajin CRASH-2 na 2010, da majinyata 20,211 a asibitoci 274 cikin ƙasashe 40, ya nuna yana rage mutuwar masu zubar jini daga kashi 16 zuwa 14.5, ƙarin nazari kuma ya nuna amfaninsa yana cikin awa uku na farko ne. Bayan nan ba ya amfani, yana ma iya cutarwa. Gwajin WOMAN na 2017 ya sami irin wannan amfani ga matan da jini ya ɓalle wa bayan haihuwa.

Wanda ya fi girgiza likitoci shi ne FEAST. Littattafan koyarwa sun ce yaron da zazzaɓi mai tsanani ya sa jininsa ya daina zagayawa da kyau a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya. Kathryn Maitland da abokan aikinta suka gwada wannan a kan yara 3,141 a Kenya, Uganda da Tanzaniya. Da ido, yaran da aka ƙara wa ruwan sun fi nuna alamar farfaɗowa: hannu ya yi ɗumi, bugun jini ya dawo. Amma cikin awa 48 kusan kashi 10.5 cikin ɗari nasu suka mutu, a kan kashi 7.3 na waɗanda ba a yi wa ɗurin gaggawar ba. Aka dakatar da gwajin, aka buga shi a 2011. Ƙa'idar da gwajin ya rushe an gina ta ne a asibitocin da ke da na'urar taimaka wa numfashi a shirye, kuma ga yaran da ba maleriya da ƙarancin jini ke damunsu ba. An kwaso ta ne kawai aka shimfiɗa wa kowa.

Haka ta faru da tsarin kula da masu guba a jini sakamakon ƙwayoyin cuta da Emanuel Rivers ya buga daga Detroit a 2001, bisa majinyata 263 a asibiti ɗaya. Duniya ta rungume shi, sai manyan gwaje-gwaje uku a Amurka, Ostareliya da Ingila a 2014 da 2015 suka nuna bai fi kulawa ta yau da kullum ba. Ita ma allurar adiranalin da ake yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya sai a 2018 aka yi mata babban gwaji a Birtaniya, da mutum 8,014: waɗanda suka kai kwana talatin da rai sun ƙaru daga kashi 2.4 zuwa 3.2, amma ba a ga bambanci bayyananne ba a yawan waɗanda suka tsira da lafiyayyar ƙwaƙwalwa. Har yanzu ana ba da ita, ana kuma gardama.

Ba duk bincike ne na rai da mutuwa ba. Ka'idojin Ottawa na 1992, aikin Ian Stiell, 'yan tambayoyi ne da taɓa ƙashi da ke raba targaɗen idon sawu da karaya, sun kuma rage ɗaukar hoton da ba a bukata ƙwarai da gaske.

Inda kayan aiki suka yi ƙaranci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa raunuka na kashe mutum kusan miliyan 4.4 a shekara, hatsarin hanya kaɗai miliyan 1.19, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, inda mai rauni kan isa asibiti a motar haya ko bayan babur. Babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri kan kulawar gaggawa a 2019, ya sake faɗaɗa shi a 2023. Ghana ta fara horar da ƙwararru a Kumasi a 2009, Tanzaniya da Habasha a 2010.

Abin da ya fi tasiri a irin waɗannan wurare ba na'ura mai tsada ba ce. A Blantyre ta Malawi, Elizabeth Molyneux ta sake tsarin karɓar yara ta yadda za a tsamo mai tsananin ciwo daga layi nan take, mace-mace suka ragu sosai, aikin ya zama tushen horon tantance yara na Hukumar Lafiya ta Duniya. A yankunan nakiyoyi na arewacin Iraƙi da Kambodiya, Hans Husum na Norway ya horar da ma'aikatan lafiya na karkara da mutanen ƙauye su buɗe hanyar iska, su tsayar da jini, su lulluɓe mai rauni kada jikinsa ya yi sanyi. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 40 zuwa kusan 15. A Ghana direbobin haya fiye da 300 aka koya wa taimakon farko, tunda su ne ke fara isa wurin hatsari.

Ƙasashe masu arziki nasu ciwon cunkoso ne. Ingila ta kafa ƙa'idar a sallami ko a kwantar da majinyaci cikin awa huɗu, ta sa mizanin a kashi 95 cikin ɗari tun 2010, amma ta shafe shekaru ba ta cimma shi ba. Tushen matsalar ba a ƙofar shiga yake ba: majinyacin da aka gama dubawa ne ke kwance a baranda saboda babu gado a ɗakunan kwanciya, motocin asibiti kuma su yi layi a waje da wasu a cikinsu.