Kwana sittin na takardar haihuwa: abin da doka ta ce da abin da ake ƙara mata

Sati biyu ke nan wata murya tana yawo a wayoyin mutanen unguwarmu. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma yana ta rantsuwa cewa duk yaron da ya wuce kwana sittin ba a yi masa takardar haihuwa ba, an rufe masa ƙofa ke nan har abada, ba lakwal, ba katin ɗan ƙasa. Ranar Juma'a wata dattijuwa maƙwabciyata ta tare ni a ƙofar gida, jikanta ɗan wata biyar yana goye a bayanta, ta ce, "Malam, ashe yaron nan ba ɗan Nijar ba ne?" Na ce, "Iya, ɗan Nijar ne tun ranar da ya faɗo duniya." Ta yi godiya ta wuce, amma na ga hankalinta bai kwanta ba, kuma na san ba ita kaɗai ba ce a Maraɗi.

Kwana sittin ɗin gaskiya ne. Yana cikin doka mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019, wadda ta tsara rajistar haihuwa da aure da saki da mutuwa a Nijar. Ta ce bayyana haihuwa dole ne, kuma kyauta ne, a yi shi cikin kwana sittin. Ta shafi duk jaririn da aka haifa a ƙasar nan, ko iyayensa ƴan ƙasa ne, ko baƙi, ko ƴan gudun hijirar da suka shigo jiharmu daga Zamfara da Sakkwato da Katsina.

Abin da mai muryar bai faɗa ba shi ne, wannan wa'adi sassauci ne aka yi mana. Tsohuwar doka ta 2007 kwana goma ko talatin take bayarwa, gwargwadon inda aka haihu. Ku duba yadda kwana goma yake a gidan Bahaushe: ba a raɗa suna sai ranar bakwai, maigida yana fama da kuɗin rago da goro da ƴan barka, mai jego tana kan wankan jego ba ta fita. Kafin a huta gajiyar suna wa'adi ya cika. Yanzu kuwa ana iya yin suna, a gama arba'in, har a samu ragowar kwana ashirin. Sai dai a kula, lissafin daga ranar haihuwa yake farawa, ba daga ranar suna ba.

To, idan kwanakin suka wuce fa? Nan ne aka fi tsorata mutane. Ƙofar da ke rufewa guda ce, ta zuwa meri, wato ofishin magajin gari, kai tsaye. Ma'aikacin rajista ba shi da ikon rubuta haihuwar da ta wuce wa'adi da kansa, ko da ya san ka ya san gidanku, domin doka ta mayar da maganar hannun alƙali. Sai a je kotu da shaidun da suka san haihuwar, a riƙe duk wata takarda da ke nuna ranar, kamar karnen awon ciki ko na rigakafin yaro. Alƙali ya saurara, ya yanke hukuncin da ke tabbatar da cewa an haifi wane, ɗan wane da wance, a wuri kaza. A kai wannan hukunci meri a shigar da shi cikin kundi, sannan a ba ka takarda. Wannan takarda tana aiki a lakwal, tana aiki wajen jarrabawa, tana aiki wajen neman shaidar zama ɗan ƙasa da fasfo. Da yawa daga cikin iyayenmu da ita suka yi karatu har suka yi ritaya, shi ya sa za ka ga takardar tsoho an rubuta an haife shi "wajen shekara kaza", ba rana ba wata. Wannan hanya a buɗe take ga ɗan wata biyar, a buɗe take ga mai shekara hamsin.

Maganar cewa yaro ya rasa ƙasarsa kuwa ba ta da tushe. A dokar Nijar, wanda ubansa ko uwarsa ɗan Nijar ne, shi ma ɗan Nijar ne. Takarda shaida ce ta abin da yake akwai tun farko.

Ban ce hanyar kotu ba wahala ba ce. Akwai kuɗin tambur, akwai kuɗin kabu-kabu na kai da na shaidu, akwai yinin da mai facin taya ko mai tuyar ƙosai zai rasa yana zaune kan benci. Wanda ya yi cikin wa'adi bai san wannan ba. Kuma a ganina nan ne dokar take da nauyi a kan wanda bai kamata ba. Uba ne ya yi sakaci, ko ya tafi ci-rani, ko aure ya mutu kowa ya kama gabansa, amma yaro ne ake tsayarwa ranar da za a rubuta sunayen masu jarrabawa, uwa ce kuma ke zarya. Lokaci lokaci alƙalai kan fito unguwanni da ƙauyuka su yi zaman yanke irin wannan hukunci ga jama'a da yawa a rana guda. Idan kun ji mai unguwa ya yi shelarsa, kada ku bari ya wuce ku. Da so samu ne da an mayar da shi abin kowace shekara, kafin buɗe lakwal.

Akwai wani kuskure da ya fi jita-jitar nan ɓarna, don shi ba ya tayar da hankalin kowa sai bayan shekaru. Mace ta haihu a likita, ungozoma ta rubuta, aka ba su ƴar takarda, maigida ya ninke ta ya sa a akwati yana cewa an gama. Ba a gama ba. Abin da aka yi a likita bayyanawa ce, daga nan ake tura ta meri a shigar cikin kundi, kuma sai ka koma ka karɓi takardar haihuwar kanta. Wasu ma ba sa komawa likitar bayan suna su faɗi sunan yaro, sai maganar ta tsaya rabi. Na san gidan da sai da yarinya ta kai ajin ƙarshe na firamare aka gano ƴar takardar likita ce kawai a hannunsu.

Sai kuma tambayar wace meri. Inda aka haihu nan ake rajista, ba inda iyaye suke zaune ba. Birnin Maraɗi gunduma uku ne, kowace da ofishinta. Idan matarka ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Tibiri ta haihu can, takarda a Tibiri take, ko da kai a Ali Ɗan Sofo kake. Haka ƴar Jiratawa da aka kawo asibiti cikin birni, takardar ɗanta tana gundumar da asibitin yake. Mutane da dama sun yi fushi sun ce an kore su, alhali ofishin da ba nasu ba suka je. Wadda ta haihu a gida kuma, ba a bar ta a baya ba: a sanar da mai unguwa ko likita mafi kusa, su nuna inda ake rubutawa. Ba kuma sai uba ba. Uwa tana iya bayyanawa da kanta, haka dangi na kusa ko wanda ya halarci haihuwar, ba a kuma hana yaro rajista don iyayensa ba su tare.

Wasu suna cewa ai tun da aka rusa majalisun gari a watan Afrilu 2024 babu magajin garin da zai sa hannu. An rusa zaɓaɓɓun majalisu, an naɗa masu riƙon ƙwarya a madadinsu, amma ofisoshin rajista suna nan suna aiki. Rubutawa cikin wa'adi kyauta ce. Kwafin da za ka nema daga baya shi ake sa wa tambur. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannunka, ka tambaye shi na mene ne, ka kuma nemi rasit.

Abu guda da nake roƙo kada tsoro ya tura kowa ciki: kada a je wurin alƙali da ranar ƙarya. Wasu suna da takarda tun asali, amma su je su nemi hukunci na biyu don a rage wa yaro shekaru saboda jarrabawa ko neman aiki, su ɗauki shaidu su rantse. Wannan laifi ne da ake hukunta mai shi da shaidunsa, kuma yaro ya tashi da ranar haihuwa biyu, wata a takardar lakwal wata a kundin meri, ranar da za a haɗa su wajen fasfo ko fansho shi zai sha wuya.

Dattijuwar nan na sake ganinta jiya. Na ce ta sa uwar yaron ta nemo karnen rigakafi, ta fara zuwa likitar da aka haihu ta tambaya ko an tura bayanin meri tun lokacin, don mai yiwuwa takardar tana can tana jiransu. In ba a tura ba, sai ta samo mutum biyu da suka halarci sunan, ranar Litinin in raka su kotu.