Taimakon yana nan, amma wa ya gaya wa mai gadi?

Salam 'yan uwa, musamman ku da ke ofis ɗin kula da ma'aikata da shugabannin ƙungiyar ƙwadago.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a kilinik ɗin wani kamfani a nan Kano, kuma wallahi akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Kwanaki wani dattijo inji ya datse masa yatsu, sai da ya sayar da babur ɗinsa ya biya kuɗin magani, da na ce Baba me ya sa ba ka nemi diyya ba, sai ya ce shi bai taɓa jin akwai ba. Alhali takardar tana nan manne a allon sanarwa, da Turanci, rana har ta cinye rubutun.

To ku ji. Tun 2010 akwai dokar biyan diyyar ma'aikata a Najeriya, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ce ke riƙe da asusun. Kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a taɓa ko kwabo a kuɗin ma'aikaci. In ka ji rauni a bakin aiki, kai har ma a hanyarka ta zuwa ko komawa gida, ka sanar da kamfani cikin kwana 14, su kuma su kai wa NSITF rahoto cikin kwana 7, kuma a shigar da buƙatar diyyar kafin shekara ta zagayo. Nan ake yin asara, mutum yana kwance yana jinya lokaci na wucewa.

Dokar fansho ta 2014 ma ta ce a yi wa ma'aikaci inshorar rai, aƙalla ninki 3 na albashin shekara, amma iyalai nawa suka san da ita ranar da maigida ya rasu? Ga kuma bashin gaggawa na kofaratib, na gobara ko tiyata.

Don Allah a daina tura imel kawai a ce an sanar. Lebura da mai shara da direba ba su da imel. A faɗa da baki, da Hausa, lokacin canjin shif ko bayan azahar, a yi saƙon murya a gurup ɗin WhatsApp, a maimaita duk ranar albashi, masu aikin dare ma kar a manta da su.

Sannan sirri. Magidanci ya gwammace ya ci bashi mai ruwa da a ji a ofis cewa gidansa ba hatsi. A ware mutum ɗaya mai riƙon amana, da mace ɗaya saboda mata, a ba kowa lambarsu, wanda bai iya rubutu ba a zauna da shi a cike masa fom ɗin a ɗaki, ba a gaban jama'a ba.