Waiwaye: Dokar Sayar da Kayan Gwamnati Ta Kama Taya, Ta Saki Fili

A ƙa'idar aikin gwamnati a jihohinmu, sayar da tsohuwar tayar mota ya fi rabuwa da filin makaranta wahala. Taya tana cikin littafin sito, sai kwamiti ya gan ta da ido kafin a ce ta gama aiki. Fili kuwa sa hannun mutum ɗaya ya ishe shi. Ba jiya aka fara wannan bambanci ba, kuma daga cikinsa ne akasarin rigingimun da ke tashi a duk sauyin gwamnati suke tsirowa.

Ƙa'idar kayan sito gadon Turawa ce. Tun zamanin En'e da baitulmali, in kaya ya tsufa ko ya yi wa ofis yawa, akan naɗa kwamitin duba kaya, jami'ai ƙalilan waɗanda ba su ne ke riƙe da makullin siton ba. Su duba, su rubuta shawara: a gyara wannan, a miƙa wancan ga wata ma'aikata, a yi gwanjon wannan, a lalata wancan. In mota ce, injiniyan Ma'aikatar Ayyuka ya yi mata kuɗi. Ɗan gwanjo mai lasisi ya buga ƙararrawa a bainar jama'a, kuɗi su shiga baitulmali da rasit. Dokar kula da kuɗin gwamnati ta 1958 da littattafan ƙa'idojin kuɗi da suka biyo bayanta sun riƙe wannan tsari kusan yadda yake, jihohi kuma suka kwafe shi bayan an ƙirƙiro su. Sai dai umarni ne na cikin gida tsakanin ma'aikata. Wanda ya karya shi horon ofis zai sha, in ma ya sha, kuma babban da ke sama da kowa yana iya jingine shi da takarda guda.

Ƙasa ta bi wata hanya dabam. Sanarwar Turawa ta 1910 ta sa dukkan filayen Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe su don amfanin 'yan ƙasa. Dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba a kan haka. A Maris na 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa wannan tsari a kan Najeriya baki ɗaya: ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta, shi ke ba da takardar mallaka, shi ke soke ta in ya ce maslahar jama'a ta buƙaci haka. Akwai kwamitin rabon filaye, amma gwamna ne ke naɗa shi, aikinsa kuma shawara ce kawai. An cusa dokar a cikin tsarin mulki, don haka gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. Sakamakon shi ne, in aka yanka harabar asibiti ko bayan wani gidan gwamnati aka mayar fuloti, a takarda ba a sayar da komai ba. An dai raba fili, wanda aka ba ya biya kuɗin rijista da na ƙasa.

Jihohi sun tashi da dukiya mai yawa. Da aka raba Arewa gida shida a 1967, an kafa hukumar riƙon ƙwarya ta kula da kadarorin da ba su rabuwa, sauran kuwa, gidajen ma'aikata, masaukan baƙi, gandun daji, motocin noma, kowace jiha ta ɗauki nata. Duk lokacin da aka ƙara jihohi, a 1976, 1987, 1991 da 1996, sai an sake rabon, kuma a kowane rabo littafin kadara yana ƙara rikicewa. Abin da ba a rubuta ba, ba a jin ɓatansa.

Tunanin cewa gwamnati ta rage kayanta ya kankama ne a zamanin Babangida, da dokar sayar da kamfanoni ta 1988 da kwamitin da Dakta Hamza Zayyad ya jagoranta. Wannan kamfanoni ya shafa. Na gidaje da motoci sai a 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus na gida da mota kuɗi a hannu. Nan take dubban gidaje suka zama rara. A 2005 aka gano an raba gidajen gwamnati sama da 200 a Ikoyi ta Legas ga manyan mutane ba tare da an tallata ba. Aka soke cinikin, aka sallami ministar gidaje, Mobolaji Osomo. A Abuja, Nasir El-Rufai yana minista ya sayar da gidajen gwamnati masu ɗimbin yawa, cinikin da Majalisar Dattawa ta zauna bincike a kansa a 2008. Jihohi sun ga abin da tarayya ta yi, suka bi sahu, kowa da irin salonsa.

A Yunin 2007 Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayen kayan gwamnati da ba da kwangila. Mutane sun fi saninta da maganar kwangila, amma sashe na 55 da na 56 a kan rabuwa da kadara suke, kuma a ganina sun yi kyau. Sun ce asalin hanya ita ce a buɗe takara kowa ya taya. Sun ce kafin a fitar da kadara kasuwa sai ƙwararre mai zaman kansa ya yi mata ƙima. Sun ce a tsara cinikin tun farko, a sa shi a cikin hasashen kuɗin shiga na kasafi, kada ya zama abin da aka farka da shi da safe. Ba sayarwa kaɗai suka ƙidaya ba, har da haya da jingina da miƙa kaya daga wata ma'aikata zuwa wata.

Matsalar ita ce dokar ta tarayya ce. Sashe na 15 ya taƙaita ta ga gwamnatin tarayya da ayyukan da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsu daga asusun tarayyar suka fito. Kadarar jiha sai jiha ta yi tata dokar. Legas ta yi a 2011, Kaduna a 2016, wasu kuwa sun yi ta jan ƙafa har sai da Bankin Duniya ya zo da shirin SFTAS na tallafa wa jihohi su gyara harkar kuɗinsu a 2018, mai dala miliyan 750, wanda ya sa samun dokar cikin sharuɗɗan karɓar tallafi. Daga nan majalisu suka yi ta zartarwa. Doka da aka yi don a cika sharaɗin karɓar kuɗi, ba mamaki in an fi kula da samuwarta a kan aiki da ita. Ita kanta tarayya ta yi fiye da shekara goma ba ta ƙaddamar da majalisar ƙoli ta sayen kayan gwamnati da dokar 2007 ta tanada ba.

Ko inda dokar take, tana bayyana yadda za a sayar ne, ba ta cika tsayawa a kan wa zai ce abu ya zama rara ba. Nan ne gizo ke saƙar. Motar da aka saya shekara biyu da suka wuce tana iya zama tsohuwa a makon ƙarshe na gwamnati, majalisar zartarwa ta amince kowane kwamishina ya tafi da tasa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Masu sayarwa da masu saye tebur ɗaya suke zaune. Tsarin mulki ya ba Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ikon dubawa a sashe na 125, ya ba majalisar dokoki ikon bincike a sashe na 128, amma rahoton odita bayan an gama ciniki yake zuwa.

Kaduna ta gwada gwanjon fili a kan gidajen kwatas kusan dubu biyu a zangon farko na El-Rufai a kujerar gwamna. Ma'aikatan da ke zaune a ciki sun koka da tsada, kuma kukansu abin saurare ne, amma aƙalla an tallata, an san abin da ake sayarwa.

Shekarar 2023 ta nuna abin da ke faruwa inda aka bar shakku. A Zamfara 'yan sanda sun kwashe motoci sama da 40 daga gidajen tsohon gwamna Bello Matawalle a Gusau da Maradun. Sabuwar gwamnati ta ce na jiha ne, ɓangarensa ya musanta, magana ta kai kotu. A Sakkwato Gwamna Ahmad Aliyu ya kafa kwamitin shari'a ya binciki gwanjon kadarori na zamanin Aminu Tambuwal. A Kano, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Abba Kabir Yusuf, aka fara rusau a Filin Sukuwa, tsohon otal ɗin Daula, Sansanin Alhazai da shagunan Filin Idi, bisa hujjar cewa wuraren jama'a ne aka ba da su ba bisa ƙa'ida ba. Mutanen tsohon gwamna Ganduje suka ce haɗin gwiwa ne da 'yan kasuwa kuma da amincewar gwamnati aka yi. Masu shaguna suka ce da takardun gwamnati a hannunsu. A Satumban shekarar Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya 'yan Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Daga baya aka sasanta a kan biliyan 3, wadda baitulmalin jihar ne zai biya. A Afrilun 2024 ita ma Kano ta kafa nata kwamitin shari'a a kan kadarorin da aka rabu da su daga 2015 zuwa 2023.