Gargaɗin Allah da dogara gare shi a koyarwar Kiristocin Arewacin Kamaru da Chadi

Gargaɗi da dogara jigo ne a koyarwar addinin Kirista da ya haɗa magana biyu wuri ɗaya. Ta farko ita ce Allah yakan faɗakar da mutane kafin hukunci ko masifa ta auko, domin mai kunne ya tuba ko ya kauce. Ta biyu ita ce wanda ya ji faɗakarwar, wahala kuma ta cim masa duk da haka, ana so ya riƙe bangaskiyarsa, kada ya ce Allah ya yashe shi. Jigon ya ratsa Littafi Mai Tsarki tun daga labarin Nuhu har zuwa wasiƙu bakwai na Wahayin Yahaya, kuma yana da nauyi na musamman a ikilisiyoyin Arewacin Kamaru da Chadi, inda fari da ambaliya da yaƙi ba labarin nesa ba ne.

A wannan yanki mafi yawan Hausawan asali Musulmi ne. Harshen kasuwa a Marwa da Garwa Fulatanci ne, a Njamena kuma Larabcin Chadi. Kiristocin da ke sujada da Hausa galibi mutanen kan iyaka ne, da 'yan kasuwa da ma'aikata da suka shigo daga Najeriya, da 'yan gudun hijirar da suka tsallako daga tsaunukan Gwoza. Suna karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda cikakkiyar fassararsa ta farko ta fito a 1932. Ikilisiyoyin da suka tarar ba su daɗe sosai ba: mishan na Lutheran Brethren daga Amurka sun zauna a Lere ta Chadi da Yagwa ta Kamaru a farkon shekarun 1920, mishan na ƙasar Norway sun iso Ngaundere a 1925, limaman Katolika na ƙungiyar Oblates kuma sun shigo arewacin Kamaru a 1946.

Kalmomin da ake amfani da su

Gargaɗi da kashedi da faɗakarwa duk suna zuwa kafin abu ya faru. Horo ko tsautawa kuwa suna zuwa ne bayan an yi laifi, kuma Ibraniyawa sura 12 ta kwatanta su da horon uba ga ɗansa. A ɗaya gefen akwai bangaskiya, dogara, jimiri da haƙuri. Abin da maƙwabci Musulmi ke kira tawakkali, Kirista yakan kira shi dogara ga Ubangiji, kuma a bakin kasuwa su biyun kan fahimci juna ba tare da tafinta ba. Karin maganar da ta fi dacewa da jigon duka ita ce: in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Gargaɗi a Tsohon Alkawari

Hoton da ya fi shahara shi ne na mai tsaro a Ezekiyel sura 33. An kai Ezekiyel bauta Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, a can aka ce masa an naɗa shi mai tsaron jama'arsa. Ƙa'idar a fili take. Idan mai tsaro ya hangi takobi yana zuwa ya busa ƙaho, wani ya ji ya yi kunnen ƙashi, alhakin jininsa a wuyansa yake. Idan kuwa mai tsaron ya gani ya yi shiru, a hannunsa za a nemi jinin. Nassin ya ɗora nauyi a kan mutum biyu, mai faɗa da mai ji, shi ya sa ake yawan karanta shi idan ana magana a kan aikin fasto da mai bishara.

Misalin wanda ya ƙi ji shi ne sarki Yehoyakim a Irmiya sura 36. Baruk magatakarda ya rubuta faɗakarwar Irmiya a naɗaɗɗen littafi, aka kai fada. Lokacin sanyi ne, sarki na zaune gaban kaskon wuta. Duk sa'ad da aka karanta masa layi uku ko huɗu, sai ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare. Irmiya ya sake faɗa, Baruk ya sake rubutawa, har da ƙari. Kimanin shekara ashirin bayan haka Urushalima ta faɗi a hannun Nebukadnezzar. Hausawa sun riga sun taƙaita labarin: wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Amma gargaɗi ba yanke hukunci ba ne, kuma a nan masu karatu da yawa ke tuntuɓe. Yunusa ya shiga Nineba yana shelar cewa saura kwana 40 a hallaka birnin. Mutanen suka yi azumi suka tuba, birnin ya tsira, annabin da kansa ya yi fushi. Irmiya 18 ta bayyana dalilin: idan al'ummar da aka yi wa kashedi ta juyo daga muguntarta, Allah zai janye abin da ya faɗa. Manufar gargaɗi ke nan, a ji don kada abin ya faru. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin bayani a Fitowa sura 9 da ba kasafai ake lura da shi ba: kafin a yi ruwan ƙanƙara a Masar, wasu daga cikin fadawan Fir'auna sun ji tsoron maganar, suka kora bayinsu da dabbobinsu cikin gida, suka tsira. Ba Isra'ilawa ba ne, kunne kawai suka kasa.

Ba kowace wahala ce hukunci ba

Da zarar an yarda Allah yana gargaɗi, zuciya kan yi saurin lissafi: wanda masifa ta samu, lalle ya yi wani abu. Littafi Mai Tsarki ya ƙi wannan lissafin a wurare da dama. Abokan Ayuba uku sun nace cewa zunubi ne ya jawo masa asarar 'ya'ya da dukiya da lafiya, amma a ƙarshen littafin su Allah ya tsawata wa. A Luka sura 13 Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rushe a kansu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, sannan ya juya maganar kan masu sauraro cewa su ma su tuba. Da almajirai suka tambayi laifin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya ba.

Wannan bambanci ba na malaman tauhidi kaɗai ba ne. Macen da ta binne ɗanta bayan kwalara ko zazzaɓin cizon sauro ba ta bukatar a zo ta'aziyya da tuhuma a baki. Littafin Zabura ma ya ba ta izinin kuka: kusan kashi ɗaya cikin uku na zaburoyin kuka ne da ƙorafi, wasu har suna tambayar Allah sai yaushe. A wannan koyarwa dogara ba ta nufin bushewar ido.

Gudu ko tsayawa

Tambayar da ta fi zafi a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru tun daga 2013 ita ce ko gudu rashin bangaskiya ne. A watan Nuwamban shekarar aka sace limamin Katolika Bafaranshe Georges Vandenbeusch a Ngecewe, aka sako shi ranar ƙarshe ta shekara. A watan Afrilun 2014 aka ɗauke limamai biyu 'yan Italiya da wata sistar Katolika 'yar Kanada a Cere, kusa da Marwa. A 2015 hare-haren Boko Haram suka kai Fotokol da Marwa da Njamena. Musulmi da Kirista duka sun mutu, an ƙona masallatai an ƙona majami'u. A ƙauyukan Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava mutane suka koma kwana a kan duwatsu, da safe su sauko gona.

Nassi bai zargi mai gudu ba. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri cikin dare zuwa Masar bayan an gargaɗe shi a mafarki. Yesu ya ce wa almajiransa idan an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani. An zurarar da Bulus cikin kwando ta katangar Dimashƙu. Littafin Karin Magana ya ce mai hankali yakan hangi hatsari ya ɓuya, wawa kuwa ya kutsa ya sha wuya. Da Iblis ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali tunda mala'iku za su tare shi, amsar ita ce kada a gwada Ubangiji. Nehemiya kuwa ya haɗa biyun a jimla guda: suka yi addu'a, suka kuma sa masu gadi dare da rana. Wanda ya ga 'yan sa-kai na ƙauyukan kan iyaka, waɗanda aikinsu shi ne su hanga su sanar, ba ya bukatar a yi masa sharhin Nehemiya ko na Ezekiyel.

Labarin da ya fi nuna yadda gargaɗi da dogara ke tafiya tare shi ne na Ayyukan Manzanni sura 27. Bulus, yana fursuna, ya yi kashedi a tsibirin Karita cewa kada a tashi. Jarumin soja ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin. Guguwa ta yi ta wasa da su har dare 14. Bulus ya tuna musu sau ɗaya cewa da sun ji maganarsa, sannan ya bar zancen. Ya ce ba wanda zai mutu, ya hana ma'aikatan jirgin sulalewa, ya sa kowa ya ci abinci. Jirgin ya farfashe a Malta, amma mutum 276 duk suka kai tudu. Abin lura shi ne shi da ya yi gargaɗin bai tsira daga guguwar ba, ya sha ta tare da waɗanda suka ƙi ji.

A sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, kusa da Mokolo a Kamaru, wanda aka buɗe a 2013 ya kuma tara dubban mutane daga jihar Borno, mabiya Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya da wasu ɗariku sun kafa wuraren sujada. Yanayinsu ya yi kama da na waɗanda Irmiya ya rubuta wa wasiƙa a sura 29: ku gina gidaje, ku yi lambu, ku yi aure, ku nemi alherin garin da kuke baƙunta, gama zaman ba na kwana biyu ba ne. Mutanen Njamena ma sun san wannan hanya. A yaƙin 1980, da kuma watan Fabrairun 2008, dubbai sun tsallake kogi zuwa Kuseri a Kamaru.

Lokacin da babu wurin gudu

Akwai kuma sa'ad da dogara ke nufin tsayawa. A Chadi, daga 1973, shugaba Tombalbaye ya ƙaddamar da siyasar komawa ga al'adun gargajiya, ya canza sunansa daga François zuwa Ngarta, Fort-Lamy ta koma Njamena, aka kuma tilasta wa mutanen kudu, har da ma'aikatan gwamnati, shiga yondo, wato tsafin balaga na ƙabilar Sara. Kiristoci da dama, musamman 'yan Baptis, sun ƙi. An kori mishan, an rufe majami'u, an kashe fastoci da membobi. Abin ya tsaya da juyin mulkin 13 ga Afrilu 1975 wanda a cikinsa aka kashe Tombalbaye. Nassin da ya dace da waɗannan mutane shi ne Daniyel sura 3, inda samari uku suka ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. A labarin Daniyel samarin sun fito da rai. A kudancin Chadi wasu ba su fito ba.

Fari da ambaliya

Manomin gero da masakwa ya san wahalar da ba ta da bindiga. Farin farkon shekarun 1970 da na 1984 sun kashe dabbobi sun kwashe rumbuna, Tafkin Chadi da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ƙwarai. A 2022 kogin Shari da Logone suka cika suka shiga unguwannin kudancin Njamena irin su Waliya, a 2024 ruwa ya sake ɓarna a Chadi da yankin Yagwa. Ƙarshen littafin Habakuk kamar da wannan ƙasa aka rubuta shi: ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko gona ba ta ba da abinci ba, ko garke ya zama wayam, annabin ya ce zai yi murna da Allah mai cetonsa. Gefe guda kuma ga Yusufu ɗan Yakubu, wanda ya ji gargaɗin shekara bakwai na yunwa ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar, da ikilisiyar Antakiya da ta ji annabcin Agabus game da yunwa ta fara tara gudummawa. Duka biyun da rumbu suka amsa gargaɗi. Haka sanarwar sakin ruwan madatsar Lagdo a kan Binuwai: mai gona a bakin kogi da ya ji ta ya ce Allah na nan, ya ƙi kwashe kayansa, ba shi da nassin da zai fake da shi.

Yadda ake gwada gargaɗi

A nan ɗariku suka rabu. Ikilisiyoyin Lutheran da na bishara sun fi jingina ga rubutacciyar Kalma da wa'azi, Katolika na ƙara koyarwar ikilisiya da shawarar limami, 'yan Fentikos kuma suna buɗe ƙofa sosai ga mafarki da wahayi da annabci a cikin taro. Dukansu suna da ma'auni ɗaya a rubuce. Maimaitawar Shari'a 18 ta ce annabin da maganarsa ba ta cika ba, ba Allah ne ya aiko shi ba. Bulus ya ce wa Tasalonikawa kada su rena annabci, amma su gwada kome. Mai annabcin da ke tsorata mutum da mayu ko mutuwa sannan ya nemi kuɗin addu'a, Mika sura 3 ta riga ta yi maganar irinsa.

Ƙaryar ba kullum ta tsoratarwa ba ce, wani lokaci ta kwantar da hankali ce. A Irmiya sura 28 wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a karya mulkin Babila, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya kakkarya a gaban jama'a. Irmiya, wanda tun farko ya ce amin, Allah ya sa haka, ya kama hanyarsa. Daga baya ya dawo da saƙo cewa karkiyar ƙarfe za ta maye gurbin ta itace. Hananiya ya mutu a wata na bakwai na wannan shekara.